Kafin Ka Ɗauki Alli

Ɗana,

Mahaifiyarka ta aiko mini da albishir cewa takardarka ta fito, an tura ka koyarwa a wata firamare ta gwamnati a nan cikin Lafiya. Na yi murna, na kuma yi dariya, don na tuna ranar da ka zauna a zauren nan kana rantse-rantse cewa ko da kuɗi aka haɗa ka ba za ka yi malanta ba. To ga shi ka gama Kwalejin Ilimi ta Akwanga, alli ya kira ka, ka amsa. Allah ya sa albarka. Ba ni da gona ko shago da zan ba ka na fara aiki, sai 'yan maganganun da na tara cikin shekara 35 da na yi ina shaƙar ƙurar alli. Wanda ya yi maka ka ɗauka, wanda bai yi ba ka bar mini kayana.

Ranar da za ka fara buɗe rajista, ka lura da kyau. Za ka kira Musa, yara biyu su amsa. Ɗaya jiya da la'asar yana islamiyya, ɗayan kuwa Lahadin da ta wuce shi ne ya riƙe ganga a coci. A benci guda za ka tarar da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Mada da Tibi, ga Bafulatani, ga Bahaushe, ga jikokin Barebarin da suka biyo Dunama suka kafa garin nan a ƙarshen ƙarni na 18. Wani gidan ma uba ɗaya ne, wa yana masallaci, ƙane yana coci, kaka kuma tana nan riƙe da abin da ta tarar iyayenta na yi. Haka muke tun muna ƙarƙashin Filato, kuma tun da aka yanke mana jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya hedikwata, sai cakuɗar ta ƙaru. A kwaleji an koya maka yadda ake tsara darasi, amma ban yi zaton an zaunar da kai an gaya maka wannan ba: babu yaron da zai shigo ajinka da kai fanko. Kowannensu ya riga ya yi malami kafin kai, kuma malamin nan ya ba shi abu biyu. Ya ba shi abin da zai yi imani da shi, ya kuma ba shi yadda ake koyon abu. Na farkon amanar iyayensa ce, ba a aike ka can ba. Na biyun kuwa jarinka ne, in ka san yadda za ka juya shi.

Ni sai da na sha kunya sau biyu kafin in gane haka.

Na fara aiki a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin UPE, aka ce kowane yaro ya zo makaranta kyauta. Yara suka yi ambaliya. Mu kuma aka gaggauto mu daga kwalejin horon malamai, da yawanmu ko gemu bai fito ba, aka ce ga aji nan. A ajin da aka ba ni akwai wani yaro da ya girme wa sauran da shekara huɗu ko biyar, daga makarantar allo aka ciro shi. In na miƙa masa littafi sai ya buɗe daga baya. In na ce ya yi rubutu sai ya kama daga dama. In ana karatu sai ya dinga rangaji, gaba da baya, yara na ƙyalƙyala dariya. Na kai shi bencin ƙarshe, a zuciyata na riga na yanke hukunci cewa daƙiƙi ne. Abin kunyar shi ne ni kaina ɗan allo ne, sai da na yi nisa a izu kafin kakanka ya yarda na shiga boko. Amma da na sa wando da kwat da takalmi sau-ciki, sai na fara kallon inda na fito a matsayin ƙauyanci.

Wata Litinin na cika allon aji da lissafin sau, daga gidan biyu har gidan sha biyu, na ce a kwafa, a haddace kafin ƙarshen zango. Ranar Laraba da safe ina duba littattafai sai ga yaron nan a gefen tebur, ya durƙusa irin durƙuson gaban alaramma. Ya ce, "Malam, in biya?" Na ce me za ka biya? Ya lumshe ido, ya kama rangajinsa, ya ɗauko daga biyu sau ɗaya da irin muryar tilawar asuba. Aji ya yi tsit. Bai tsaya ba, bai yi tuntuɓe ba, sai da ya dire a sha biyu sau sha biyu. Sannan ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "A wanke?" Nufinsa a goge wannan a ba shi na gaba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na kwanta ina tuno makarantarmu ta allo, wadda na zauna cikinta shekara da shekaru amma ban taɓa tsayawa na dubi hikimar tsarinta ba. Ka duba fa. Yara talatin a rumfa ɗaya, kowa da inda yake, wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kusa sauka, kuma malam ɗaya ya san wurin da kowa ya tsaya jiya. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Mai saurin ɗauka ba a ɗaure masa ƙafa don ya jira na baya, mai nauyin kai kuma ba a jan sa a ƙasa don zango ya ƙare. Ba a ce wa yaro ya faɗi, cewa ake bai iya ba tukuna, ya koma ya maimaita. Haruffa ma suna aka ba su na Hausa gwargwadon kamanninsu, am baki wofi, ba guje, mim jaye, ta kuri, don yaro ɗan shekara biyar ya gan su kamar mutanen unguwa. Babba yana biya wa ƙarami, kuma a cikin biyawar nasa karatun ke ƙara kama ƙasa. A ƙarƙashin duk wannan akwai wata fahimta: ilimi abu ne da ake ɗauka daga bakin mutum zuwa ƙirjin mutum, tare da ladabi, kuma abin da ba ya cikin kanka ba naka ba ne tukuna.

Ka kwatanta da abin da muke yi a boko. Manhaja ta ce mako na shida a koyar da raba lamba, sai mu koyar, ko da rabin aji bai gama fahimtar ɗebewa ba. Mu wanke allo karatu bai zauna ba. A ƙarshen shekara mu tura yaro aji na gaba da raminsa, malamin gaba ya gina a kan ramin. In kana son sanin dalilin da ya sa ake samun ɗan aji shida da ba ya iya karanta sunan garinsu, ka fara nema daga nan.

Kada ka ce tsoho ya tashi yabon gidansu. Yaron nan da ya ba ni mamaki, mako na zagayowa na tambaye shi: mata bakwai sun tafi kasuwa, kowace ta ɗauki doya takwas, doya nawa ke nan? Ya yi shiru. Bakwai sau takwas na nan a kansa daram, amma bai san da doya ake maganar ba. A tsarin allo ana jinkirta ma'ana, sai yaro ya girma ya shiga makarantar zaure, a buɗe masa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ana fassara masa kalma bayan kalma. Tsarin yana da kai, sai dai yara da yawa rayuwa na janye su kafin su kai zauren, su tafi da lafazi su bar ma'ana a baya. Malamanmu na da ma sun san da wannan haɗari. Zarnuji, mai littafin Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, tun fiye da shekara 700 da suka wuce ya ja hankalin ɗalibi cewa tattaunawa da jefa wa juna tambaya sun fi maimaici zalla amfani. Abin da na yi da yaron shi ne na aike shi ya tsinto ƙwallayen mangwaro, muka jera su kashi bakwai, takwas-takwas. Ya ƙirga, ya kai 56, ya ɗaga kai ya dube ni kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwansa a baƙon gari. Daga ranar na dawo da shi bencin gaba, na kuma ba shi yara biyar yana biya musu.

Kunya ta biyu ta same ni bayan wasu shekaru, a wata makarantar da ke wajen gari, lokacin har na fara jin kaina gwani. Akwai wata yarinya 'yar mai wa'azin coci, Alago ce, hannunta kullum a sama. Kowace magana ka faɗa sai ta ce, "Malam, don me?" Ni kuwa na tashi a inda yaro ba ya katse malami, in yana da tambaya sai ya jira a tashi ya biyo shi da ladabi. Ran nan ina bayanin yadda ruwan sama ke samuwa, na ce rana ce ke jan ruwan teku sama ya zama girgije. Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ba ka ce ruwan teku gishiri ne ba? To me ya sa ruwan sama ba gishiri?" Gaskiyar magana amsar ba ta zo mini a lokacin ba. Maimakon in ce a ba ni zuwa gobe, sai na ce rashin kunyarta ya isa, ta fita ta yi durƙuso a rana.

Lokacin tara wata malama da ta girme ni a aiki, 'yar Eggon, jigo ce a zumuntar mata ta cocinsu, ta same ni a gindin bishiyar da muke shan inuwa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, yarinyar can da ka fitar, a inda ta taso in aka gama ba da labari yaro bai yi tambaya ba, cewa ake barci ya yi. Girmama ka take yi." Na ce to ai tambayar tata ta neman ƙure ce. Ta yi murmushi ta ce, "Kakarta 'yar Keana ce. Ka tambaye ta yadda ake dafa gishiri."

Na kira yarinyar gaban aji, gwiwoyinta duk ƙasa. Na ce ta gaya mana yadda kakarta ke yin gishiri. Da farko tana noƙewa, can sai baki ya buɗe. Ta faɗi yadda mata ke tara ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa su tace, su ɗora ruwan a wuta ya yi ta tafasa. Na ce ina ruwan ke tafiya? Ta ce tururi yake zama ya tashi. Na ce gishirin fa? Ta buɗe baki za ta ce a tukunya yake zama, sai ta tsaya, ta rufe bakin da hannu. Amsar tambayarta tana gidan kakarta tun kafin a haife ni. Na ba ta haƙuri a gaban yara, kuma ka sani, ban ga girmana ya ragu da ko ƙwayar gero ba.

Bayan wannan na fara yi wa malamar nan tambayoyi kan yadda suke koyar da yara ranar Lahadi, ita ma tana tambayata na allo. Abin da na fahimta shi ne su labari ne gaba. A ba yara labarin Yusufu da 'yan'uwansa ko na Dauda da ƙaton nan, a yaren da suke ji, sannan a bi su da tambaya: wa ya yi kaza, don me ya yi, kai da kai ne me za ka yi? A ba su aya guda su haddace kafin mako ya zagayo. A sa abin cikin waƙa da tafi. Sannan wata rana a tsayar da yaro gaban jama'a, iyayensa na zaune, ya karanta ko ya yi wasan kwaikwayo. Shi ya sa za ka ga yaran nan ba sa tsoron tsayawa gaban aji. Ita kanta makarantar Lahadi da boko aka san ta tun asali. Robert Raikes da ya yaɗa ta a garin Gloucester na Ingila wajen 1780, yaran talakawa ya tara, masu aikin ƙarfi kwana shida a mako, ana koya musu karatu a ranar da suke da hutu. Masu mishan da suka shigo ƙasar nan da wannan tunani suka zo, cewa kowane mai bi ya iya buɗe littafinsa ya karanta da kansa. Ƙungiyar SUM ta Karl Kumm ta fara sauka a Wase a 1904, kuma daga aikinta ne aka samu cocin ERCC mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga. Katolika ma sun daɗe suna gina makarantu a yankin nan kafin a ba Lafiya dayosis nata a shekarar 2000.

Masu makarantar Lahadi ma da nasu ramin, kuma malamar ce da bakinta ta nuna mini shi. Ta ce katikizim tambaya ce da amsa, amma tambayar da amsar duk a rubuce suke, yaro na iya rera su kamar aku bai san me ya faɗa ba. Ta ce waƙa da tafi na iya cinye darasi, yara su koma gida da daɗin murya kawai. Na ce ashe kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma kowa da ciwon da ke damun garkensa.

Akwai kuma wani tarihi da ya kamata ka riƙe, don za ka gamu da jikokinsa. Iyayenmu da suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo ɗibar yara boko, ba wauta ce zalla ta sa su ba. A wurare da yawa makarantar farko da aka gani ta mishan ce, kuma masu ita ba su ɓoye cewa suna fatan yaro ya karɓi addininsu ba. Uba ya ga haka ya janye ɗansa. Hasarar da wannan janyewa ta jawo mana muna biyan ta har gobe, amma tsoron yana da tushe. A yau kuma akwai ƙauyukan da uba Kirista ke jin irin wannan fargaba in ya ga duk malaman makarantar garinsu Musulmi ne. Duk uban da ya kawo maka ɗansa ya danne wani tsoro kafin ya kawo shi. Kada ka zama dalilin da zai ce da ma na sani.

Wani abu da ya riƙa ba ni dariya a hirarmu da malamar nan shi ne yawan kalmomin da muke tarayya a kansu ba mu lura ba. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ruwa ya yi tsaki a cikinsa, kuma har yau coci-coci da dama a jihar nan da Hausa suke sujada. Allah suke cewa, da Ubangiji, da addu'a, da zunubi, da albarka. Mabiyan Annabi Isa na kusa, a littafin nasu almajirai ake kiran su, shi kuma su kira shi Malam. Na ce mata ashe ku ma almajirai ne. Ta ce sosai ma, bara ce kawai ba ma yi. Ita kuma ta sha mamaki da na ba ta labarin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, yadda ta tsara darussa cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koya wa mata, abin da ake kira 'Yan Taru. Ta ce wannan ai zumuntar mata ce. Na ce to ki lissafa wa ya riga wani. Muka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya koma ajinsa da addininsa.

Sai maganar bulala, don na san za ka tarar da ita jingine a kusurwar aji tana jiran ka. A nan duk gidajen biyu ba mai yi wa wani gori. An dake mu a allo, an dake su a mishan, kowa kuma yana da abin da yake kafa hujja da shi. Amma manyan kowane ɓangare sun yi magana. Augustine, babban malamin Kirista da ya yi bishop a Hippo, garin da ake kira Annaba yau a Aljeriya, ya ba da labarin irin dukan da ya sha a makaranta yana yaro, har yana roƙon Allah kada a dake shi. Wajen shekara ta 400 wani mai koyar da sababbin shiga addini a Kartaj ya kai masa kukan cewa ya gaji da maimaita abu ɗaya, shi ya gundura, masu sauraro sun gundura. Augustine ya rubuta masa ɗan littafi guda, ya ce ya koyar da fara'a, in ya ga mai sauraro na hamma ya ba shi wurin zama, ya sako wata magana mai daɗi da za ta farkar da shi. Bayan kusan shekara 1000, a 1377, a wannan ƙasa ta Aljeriya dai, Ibn Khaldun ya zauna ya rubuta Muƙaddima, ya ware babi kan cewa tsanantawa na cutar da ɗalibi. Ya ce yaron da aka rena da duka yakan zama malalaci, ya koyi ƙarya da munafunci don ya tsira da fatarsa. Ni shaida ne. Duk yaran da na fi duka a shekarun farko, su suka fi ƙwarewa wajen kwafar aikin gida a bakin ƙofa. Ban ce ka zama malamin da yara ke hawa kansa ba. Amma kafin ka ɗaga hannu, ka tambayi kanka ko laifin yaron ne, ko kuwa kai ne amsa ta ƙwace maka kamar yadda ta ƙwace mini.

Yanzu ga iyaka, kuma a nan ba na son ka yi wasa. Aron dabara daban, taɓa aƙida daban. Ka ari haddar allo ka koyar da lissafi, ka ari labari da waƙar makarantar Lahadi ka koyar da tarihi, ka ari hannun matan Keana da maƙeran kasuwa, waɗanda ba sa bayani mai tsawo sai dai su ce zo ka riƙe nan. Amma ajin gwamnati ba mumbarinka ba ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 38, ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Tun kafin doka ma, mutunci ya hana. In lokacin darasin addini ya yi, aji ya rabu, Musulmi su bi malamin IRK, Kirista su bi na CRK, ka tabbata ba a bar ɓangare ɗaya a rana ɗaya a inuwa ba. Irin waɗannan ƙananan abubuwa yara ke kai wa gida, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In addu'ar taron safe ake yi, a yi ta yadda kowa zai ga an san da shi. In azumi ya zo, kada ka sa gudu da tsakar rana. In lokacin bikin Kirsimeti ya gabato yara na zuwa koyon waƙa da yamma, kada ka tara musu aikin gida don ka gwada ƙarfi. Yaron da gidansu ke bin al'adar gargajiya kuwa, wanda ba shi da darasi ko ɗaya a jadawali, shi ya fi kowa buƙatar ka tsare masa mutunci, don duk ɓangarorin biyu sukan haɗu a kansa da tsokana.

Wata rana, ba makawa, wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, tsakanin mu da su wa zai shiga aljanna?" Aji zai yi shiru, ido arba'in ko sittin a kanka. Kada ka tsawata masa, tambaya ce ta gaske. Kada kuma ka ce duk ɗaya ne, don ba ɗaya ba ne, yaran sun sani, iyayensu sun sani, kai ma ka sani, kuma ranar da suka kama ka da faɗin abin da ba ka yarda da shi ba, sauran maganarka ta zube. Abin da na saba faɗa shi ne: wannan tambaya babba ce, ka kai ta wurin babanka da malaminku na addini, su ne masu ita, ni aikina a nan in tabbatar kai da na kusa da kai kun iya karatu, kuma ba wanda ya zalunci wani. Ka yi sallarka a kan lokaci, yara su gani. Malamin da ke riƙe da addininsa da gaske, kuma bai taɓa rage wa ɗan wani maki saboda sunansa ba, iyayen kowane ɓangare sukan gane shi, ko ba a yi shela ba.

Kuma ka nemi abokin shawara a cikin malaman da ba addininku ɗaya ba. Ba don a ce kana da sauƙin kai ba, don akwai rabin ajinka da shi ya fi ka sanin yadda aka rene su. Ni da ban samu malamar nan a gindin bishiya ba, da na yi ritaya ina kiran tambaya rashin kunya. Ranar da ta rasu na je gidan gaisuwa na zauna a cikin 'yan'uwanta, wasu na kallona da hula da carbi. Babban ɗanta ya taso ya kama hannuna ya ce ta sha ba su labarina, wai ni ne malamin da ya koya mata kada ta wuce darasi sai ya zauna. Ban san ta ɗauki wannan daga wurina ba sai ran nan.

Albashi zai yi jinkiri, aji zai cika har wasu su zauna a ƙasa, littattafai ba za su isa ba. Waɗannan ba ni da maganinsu, na bar su yadda na same su. Amma zuwa ka ga inda yaranka ke kwana da inda suke karatun yamma ba ya cin ko kwabo. Ka bi ta ƙofar islamiyyar unguwa ka gaida malaminsu, ka tsaya ka gaida mai koyar da su waƙa a coci, ka ce kai ne malaminsu na boko. Za ka ga yadda fuska ke sakewa.

Asabar ta sama ka shigo bayan la'asar, ka taho da rajistarka. Ina so ka nuna mini sunayen yaran da ke zaune a bencin baya, ka gaya mini inda kowannensu yake zuwa in an tashi. Ka gaida mahaifiyarka.